Amfilifayar Tela Ta Yi Mura

Auta ta buɗe amfilifayar da na rufe, ta cire abin da na sa, ta sa nata, ta mayar da murfi. Ba ta faɗa mini ba. Tela ne ya tona ta, shi ma bai san ya tona ba.

Auta 'yata ce, ita ce ƙarama. Ta yi aure, tana da yara, mijinta direban babbar mota ne. Kullum in ta sallami yaran makaranta sai ta zo shago. Mazan da na haifa babu wanda ya tsaya a sana'ar. Wani ya ce hayaƙin dalma na sa shi tari, wani ya ce zaman wuri ɗaya ba nasa ba ne. Ita ce tun tana ƙarama take riƙe mini waya in ina naɗi, har ta iya naɗa tiransifoma da kanta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ban taɓa yaba mata a gabanta ba. Ni ma ba a yaba mini ba.

Shagon ɗaki ɗaya ne a jikin gidanmu. Ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗayar tana shiga tsakar gida. Dogon tebur ne a jikin bango, ni a kai ɗaya wajen taga, ita a ɗaya kan. Tsakaninmu gwangwanayen madara cike da noti da guntayen waya, da lasifikar gwaji wadda ta girmi Auta.

Sana'ata haɗa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. Ba gyaran rediyo ba, ko da yake ina yi in an matsa mini. Haɗawa daga tushe: akwatin katako, tiransifoma naɗin hannu, tiransistoci a ɗaure jikin ƙarfen da ke shanye zafi. Ban yi nisa a makaranta ba. Karatu da rubutu daidai bukata na iya. Abin da na sani a hannun maigidana na koya, Allah ya ji ƙansa, shi kuwa da kunne yake aiki.

Amfilifayata maɓalli ɗaya gare ta, na ƙara murya da rage ta. Na kanti suna da na kauri, suna da na kaifi, da wasu barkatai, kowa ya yi ta murɗawa har sauti ya lalace. Ni ba na sa su. Kauri da kaifi ni nake yanke su a ciki, sau ɗaya. Mai son murɗe-murɗe ya tafi kanti.

Ga yadda nake yankewa. In an gama haɗi, Auta ta auna da mita ta ce wuta daidai take, sai in zauna gaban lasifika in kunna makirfo. In yi magana, in ji ƙirjin murya. Sannan in ɗauko tarin makullai in kaɗa su a bakin makirfon. Akwai wani siririn amo da ke fita a saman ƙarar makullai, kamar yayyafi a kan kwanon rufi. In ya fito, kaifi ya yi. In bai fito ba, akwai 'yan ƙananan kaya biyu a hanyar sauti, kafasita da rezista. In canza su, in sake kaɗawa, har ya fito. Daga nan in ɗora murfi, in ɗaure noti, in ɗiga jan fenti a kan notin kusurwa. Fentin nan shi ne sa hannuna. Ma'anarsa na ji, kuma ya yi. Akwatin ya kwana a shago fenti ya bushe, washegari mai shi ya ɗauka. Wanda ya fasa fentin ya kai wa wani, kada ya dawo mini. Mutanen unguwa sun sani. Mai Kunne suke ce mini, yara ma ba su san ina da wani suna ba.

Tela abokina ne tun muna samari. Shagonsa na ƙarshen layi. Yana ɗinki yana jin tsofaffin kaset. Amfilifayar da na haɗa masa da daɗewa ruwa ya ci ta da rufinsa ya yi yoyo, sai na haɗa masa sabuwa. Bai jima da ɗauka ba, ran nan da hantsi sai ga shi ya rungumo ta kamar jariri, ya dire mini a tebur.

"Mai Kunne, karɓi kayanka. Mura take yi."

"Kai ne dai ke mura. Me ta yi?"

"Ranar da ka gwada mini a nan, tar take fita, kowace kalma da ƙafarta. Na kai ta shago, ta koma kamar mai magana daga cikin rijiya."

"Keken ɗinkinka ne ya cika maka kunne. Keken da ya kusa girme ka."

"Keke lafiyarsa ƙalau. Notinka ne ya fara kwancewa ba ka so a faɗa."

Auta ta gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ta yara. Na lura ta daina naɗin da take yi. Ban kawo komai a raina ba.

Na haɗa amfilifayar da lasifika, na kunna, na kaɗa makullai. Suka yi ƙara kamar a cikin aljihu. Tela ya buɗe hannuwa, wai ka ji ko. Na duba notin kusurwa. Fenti na nan, ja, bai tsage ba. Na fasa shi da kaina na ɗaga murfi.

Ni in zan sa wa abu dalma, sai na lanƙwasa ƙafarsa ta zama ƙugiya, ta riƙe da kanta, sannan in narka dalma a kai. Haka aka koya mini. Duk cikin akwatin ƙugiya ce, ban da wuri biyu. A nan ƙafafun a miƙe suke, dalma kaɗan, tsaf, tana sheƙi. Kayan ma ba waɗanda na sa ba ne. Na san hannun. Ni na koyar da shi, kuma na sha yi masa faɗa a kan rashin lanƙwasa ƙafa.

Na mayar da murfi. Na ce wa Tela ya je ya dawo bayan la'asar.

"Ciwon mai tsanani ne?"

"Je ka dai."

Ya dube ni, ya dubi Auta, ya ɗauki hularsa da ya ajiye a kan lasifika ya fita. Tela akwai surutu, amma ya san lokacin tashi.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Zo ki ga wani abu."

Ta zo ta tsaya. Na ɗaga murfin. Ba ta kalli ciki ba.

"Hannun wa ke nan?"

"Nawa ne."

"Fentin fa?"

"Kwalbar tana kan taga, Baba. Ba ka taɓa kulle ta ba."

"Ban san da ɓarawo a gidan ba."

Ta haɗiye wannan. Idonta ya kawo ruwa, amma bai zuba ba. Halin uwarta ke nan.

"Wannan kaɗai ce?"

"A'a."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Duk wadda ka rufe, in ka shiga ciki ka kishingiɗa da rana, sai in buɗe."

Na zauna. Da a tsaye nake ban sani ba.

Ta ce mai makarantar bayan kasuwa ne ya fara zuwa. Ya tarar ba na nan, ya ji daɗi. Ya ce in ya yi magana a filin makaranta yara toshe kunne suke yi, wai kamar ana kankare gindin tukunya. Bayansa mai gidan taro ya zo, ya ce makirfo na yi masa ƙara da zarar an matso kusa da lasifika. Daga nan wasu. Duk wajenta suke zuwa, suna leƙe ko ina ciki.

"Me ya hana su faɗa mini? Cizo nake yi?"

"Nauyinka suke ji."

"Ke fa?"

"Na yi maka hannunka mai sanda. Na ce mu riƙa sa maɓallin kaifi, kowa ya daidaita abinsa. Ka ce in ina son maɓallai in je in yi aiki a kanti."

Na faɗi haka. Yau ma zan sake faɗa.

"Wato kina nufin na kurmance."

"Ban ce ka kurmance ba. Magana kana ji. Muryar ƙasa ma ka fi ni jinta. Ta sama ce ta tafi. Kana ƙara kaifi don ka kai ga amon da ka sani, kafin ka kai, mu ya yanka mana kunne."

"Tela fa? Shi ba mutum ba ne? Abin da na ji shi ya ji."

"Baba Tela sa'anka ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Na ce ta kashe ƙarfen dalma ta shiga wajen uwarta. Ta kashe, ta naɗe wayarsa yadda nake so, ta shiga.

Na daɗe ni kaɗai. Mutum biyu suka zo da rediyo, na ce ba a aiki. Da rana ta take sai ga Tsohuwa, uwar yaran, da kwanon abinci. Ba ta saba kawo mini shago ba. Ta ajiye a gefen tebur, ta ture gwangwanin noti ta zauna a kujerar Auta.

"Ke ma kin sani."

"Malam, ni da nake tsayawa a ƙofar nan in yi ta kira har maƙwabta su amsa?"

"Ina jin ki. Share ki nake yi."

"To, Allah ya ba da ladan shariya. Butar shayi fa? Ita ma share ta kake?"

"Usur ɗinta ya mutu."

"Usur ɗinta na nan da ransa. Kai ka kwance mata baki kana gyara, kana cewa kayan yanzu ba su da ƙarko. Ni da Auta muka shige ɗaki don kada ka ga muna dariya. Da muka gama dariyar kuma muka yi shiru."

"Kun mai da ni abin wasa a gidana."

"Da abin wasa ne da an faɗa maka tun tuni. Ci abincinka."

"Ta sa hannuna a kan aikin da ban ji ba."

"Ta tsare maka suna."

"Sunan da aka tsare da ƙarya na wa ne?"

Ta buɗe mini kwanon ta koma ciki. Ban ci ba.

Bayan la'asar Tela ya dawo. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Na faɗa masa abin da aka ce, a taƙaice. Ya yi dariya har da tari.

"Ni? Ni da nake jin faɗuwar allura a ƙasa?"

"Ganinta kake yi," in ji Tsohuwa daga tsakar gida.

"Wa ya sa da ke, uwar gida?" in ji Tela.

Na kira Auta. Na ce magana ba hujja ba ce, in tana da abin nunawa ta nuna. Ta ce tana da shi. Ta haɗa wayar hannunta da amfilifayar gwaji, ta jona mita a bakin lasifika yadda za mu ga allura. Ta ce wayar za ta fitar da amo ɗaya miƙaƙƙe, zai fara daga ƙasa yana hawa a hankali. Wanda ya daina ji ya ɗaga hannu.

Muka zauna a benci ni da Tela, kamar masu jiran likita.

Amon ya fara da gurnani. Na ji shi a ƙirji, gwangwanayen noti suka kama rawa. Ya hau ya zama muryar namiji, ya zama ta mace, ya zama kukan sarewa. Ya yi siriri. Ya ƙara sirancewa kamar zare. Sai ya yanke.

Ban ɗaga hannu ba. Na ɗauka wayar ce ta tsaya.

"To a ci gaba mana," in ji Tela. "Ko cajin ya ƙare?"

Na dubi Auta. Ta runtse ido ɗaya, kafaɗarta ta ɗage zuwa kunne. Wata mata da ke wucewa a titi da tire a ka ta waigo ta harari shagon. Daga tsakar gida Tsohuwa ta ce don Allah a kashe abin nan, haƙoranta sun fara tsami.

Na dubi mita. Allura na tsaye a tsakiya, ko gezau. Wuta na shiga lasifika. Ɗakin kuwa shiru, har ina jin numfashin Tela.

Ana cewa gani ya kori ji. Ban taɓa jin haushin maganar nan ba sai ranar.

Na ɗaga hannu. Auta ta kashe. Allura ta kwanta.

Tela ya cire hula ya shafa kai.

"Ashe mu biyu ke murar," ya ce.

Ba wanda ya yi dariya. Shi ma bai yi ba. Can ya mayar da hularsa ya gyara zama.

"To, ni dai a mayar mini da kayana yadda suke. Kunnena ne, shagona ne. Ba zan zauna ina jin waƙa daga rijiya ba don yara sun ce haka ne daidai."

"Baba Tela, masu koyon ɗinki a wajenka fa?" in ji Auta. "Kansu zai yi ciwo."

"Su yi haƙuri, 'yata. Su ma suna tafe."

Na kunna ƙarfen dalma. Na cire nata biyun na ajiye mata a gabanta. Na nemo irin nawa, na lanƙwasa musu ƙafa, na sa. Na kaɗa makullai. Yayyafin ya sauko a kan kwano, tar, yadda na san shi tun ina saurayi. Tela ya lumshe ido. Auta ta ja baya har bakin ƙofa. Na rufe, na ɗaure, na ɗiga fenti. Wannan na ji, mai ita ma ya ji. Tela bai jira ta kwana ba, ya rungumi abinsa, fentin ya ɓata masa hannun riga, bai damu ba.

Kwanakin da suka biyo ban yi magana da yawa ba. Auta na zuwa, tana gaishe ni, ina amsawa. Tana naɗi, ina yankan katako. Ban kore ta ba, ban kuma ce na yafe ba.

Abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe ina cewa gyare masu kukan dare sun ƙare a unguwar nan saboda gine-gine. Na ce sauro na yanzu munafukai ne, cizo suke ba kuka. 'Yan tsuntsayen da ke kan wayar wuta a ƙofar shago, ina ganin bakinsu na motsi, na ce hayaniyar motoci ce ta danne su. Makullan ma da nake kaɗawa, na lura a hannu ba sa yin amon da suka saba, na ce ƙarfen zamani ne, na banza. Kowane abu na samo masa dalili. Ba amon da ya tafi rana ɗaya. Da ido ne, da na ga hazo na nemi tabarau. Kunne ba ya nuna hazo. Abin da ya ɗauke, sai ka ɗauka duniya ce ta daina yinsa.

Na tuna maigidana a ƙarshen kwanakinsa. Mutane suka ja baya da shagonsa, ba wanda ya gaya masa dalili. In ya kaɗa makullai a lokacin, nakan ji abin ya yi kaifi, in ce son ransa ne, babba ya fi ni sani. Ya rasu yana cewa mutanen zamani ba su san sauti ba. Ni ma kwanan nan na fara faɗin haka.

Na kuma yi tunanin akwatunan da ke waje. A makaranta, a gidan taro, a shagunan mutane. Jan fenti a kan kowanne. Masu su na cewa aikin Mai Kunne ne, suna yabawa. Kunnen da suke yabo ba nawa ba ne. Wani sa'in in ji kamar in bi su gida-gida in kankare fentin. Wani sa'in in ce ai sautin ya yi, me ya rage. Amma ni ban san ya yi ba. An dai gaya mini.

Akwai babban aiki a kan tebur tun kafin wannan magana. Mai gidan taro ya faɗaɗa zaurensa, yana son amfilifaya mai ƙarfi da za ta ɗauki lasifika huɗu. Mun gama haɗi. Auta ta auna ta ce wuta daidai. Murfin na jingine a bango, na yi masa shafe ya bushe. Abin da ya rage sauraro da rufi. Na yi ta kewaye shi. Yau in ce katakon bai gama shan shafe ba, gobe in ce wutar gari ba ta da ƙarfi.

Ran nan da safe Auta ta kunna ta ba tare da ta tambaye ni ba. Ta ɗauko makullai ta ajiye a gabana.

"Mutumin zai zo yau, Baba. Yana da taro jibi."

Na matso da makirfo na yi magana. Ƙirjin murya ya fito sosai. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan gurnani, can ƙasa, kamar mota a tsaye a bayan gida.

"Kina jin wannan?"

Ta kasa kunne. "Wanne?"

"Wayar makirfo ta matsu da tiransifoma. Janye ta."

Ta sa tsinken roba ta ture wayar gefe. Gurnanin ya ɗauke. Ta ɗago ta dube ni.

"Sai da ya tafi na san yana nan."

Na ɗauki makullai na kaɗa. Kamar a cikin aljihu. Na sake kaɗawa kusa. Aljihu dai. Hannuna ya tafi wajen gwangwanin kafasita da kansa. Na dawo da shi.

"Me kika ji?"

"Ya fito, Baba. Daidai yake. Kamar yadda ka koya mini, yayyafi a kan kwano."

Ta jawo kujerarta kusa da tawa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi ƙasa da murya, sai da na kalli bakinta.

"Ka ga gurnanin nan, da ni kaɗai ce da ya tafi da shi. Rabin sauraron naka ne har gobe. Mu raba. Kai ƙasa, ni sama. In na ce ya yi, ka rufe ka ɗiga fentinka. Ba sata, ba ɓoyo, a gabanka. Wa zai sani? In ma an sani, ai jininka ne ya ji."

"Ki rufe da kanki."

"Ba fentina suke nema ba. In suka ga babu naka, za su ce ka daina. Ko su ce aikin mace ne, su tafi kanti."

"Za su saba."

"Kai fa? In ka daina rufi, me za ka zauna kana yi a nan? Yankan katako?"

Gaskiya ta faɗa. Na san tsofaffin da aka karɓe wa abin yi. Benci suke komawa a bakin titi, suna gaida masu wucewa.

Muna haka sai ga sallamar mai gidan taro. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, ɗan abokina ne, a gabana ya girma. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tsokani Auta wai injiniya ba ta gaisuwa. Ya leƙa cikin akwatin ya girgiza kai.

"Kai, Baba. Kamar a sa a gilashi a yi ta kallo. An gama ke nan?"

"Saura rufi," in ji Auta.

"To alhamdulillahi. Ni dai in ga jan fentin nan, hankalina ya kwanta. Wani ya kawo mini ta kanti, mai fitilu kamar motar amarya, na ce a'a, ni sai wadda Mai Kunne ya saurara. Ta bayan nan da ka yi mini, Baba, har baƙi na tambaya."

Ya faɗi haka yana satar kallon Auta. Wato ya san cewa da ita ya yi magana a kan ƙarar makirfo, bai dai san me ta yi ba. Ko ya sani. Ban tambaya ba.

Auta ta ɗauko murfin ta ɗora. Ta jera noti a gefen hannuna. Ta je taga ta ɗauko kwalbar, ta girgiza, ta buɗe, ta ajiye. Warin fentin ya cika mini hanci. Mai gidan taro ya goya hannu a baya yana murmushi, yana jira ya ga abin da ya saba gani.

Na dubi makullan a kan tebur. Na ɗauka na kaɗa sau ɗaya, ko Allah zai sa. Mutumin ya gyaɗa kai yana cewa ka ji, ka ji. Auta ta gyaɗa kai. Ni aljihu na ji.

Na ajiye su.

"Baba," in ji Auta a hankali, "ɗigo ɗaya ne."

Na ture notin gabanta. Na ɗaga murya yadda mutumin zai ji, na waje ma ya ji.

"A'a. Ban ji ba. Ba zan rufe ba."